Inshorar Gida A Ƙasar Bakolori: Abin Da Aka Rubuta Shi A Ke Biya

Kowace shekara masifu biyu su ke kewayowa a kan gidajen mutanen ƙasar nan, kowace da lokacinta. In hunturu ya kama, iska ta busar da jinka da danga, sai gobara. In kuwa damina ta yi nisa, wajen watan Agusta da Satumba, sai ruwa. A ƙasar Maradun da Bakura da Talatar Mafara an sami ta uku a 'yan shekarun nan, wadda ita ba ta da lokaci, watau 'yan bindiga masu faɗa wa gari su kore dabbobi su cinna wa rumbuna wuta. Don haka ne muka ga ya kamata mu tattauna da masu karatunmu a kan abin nan da a ke kira inshora, musamman ta gida da kayan da ke cikinsa. Malaman ofis da malaman makaranta mu ke nufi da maganar tun farko, domin a gari kamar Tsibiri, in takarda ta zo wa mutum, wurinsu ya ke kai ta a karanta masa, tun zamanin En'e har zuwa yau da a ke cewa ƙaramar hukuma.

Asalin abin ba shi da wuyar ganewa. Mutane da yawa su ke zuba kuɗi kaɗan kaɗan a hannun kamfani kowace shekara, bisa alkawarin cewa wanda hasara ta faɗa wa daga cikinsu za a ɗebo a mayar masa da abin da ya rasa. A Ingila aka fi raya wannan sana'a, bayan babbar gobarar da ta ci birnin London a shekarar 1666, ta ƙone gidaje fiye da 13,000. Ba a daɗe ba wani mutum mai suna Nicholas Barbon ya buɗe ofishin inshorar gobara a can. A Nijeriya kuwa kamfanin Royal Exchange ya buɗe ofis a Ikko a 1921, amma yawancin aikinsa a lokacin bai wuce tsaron hajar kamfanonin Turawa ba. Gwamnatin Tarayya ta kafa nata kamfani, NICON, a 1969, sa'an nan a 1997 ta kafa hukumar NAICOM don ta riƙa lura da kamfanonin duka. Dokar inshora ta 2003 ita aka yi ta aiki da ita har zuwa 2025, lokacin da aka sa hannu a kan sabuwa ta maye gurbinta.

Abin Da Ya Faru A Bakolori

Kafin mu shiga sharuɗɗan kamfanoni, ya kyautu mu tuna da wani abu da dattawan wannan yanki suka gani da idonsu. A tsakiyar shekarun 1970 aka fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya yi aikin, aka gama a 1978. Tsawon ganuwarta ya fi kilomita 5, an kuwa yi nufin ta shayar da fili kimanin hekta 23,000 a wajen Talatar Mafara da Bakura. Da tafki ya cika sai ya haɗiye gonaki da garuruwa, aka ta da mutanen Maradun aka kai su sabon mazauni. A wajen da za a yi noman rani kuma aka shiga gonakin mutane da manyan injuna aka baje su, aka sare itatuwa masu amfani, iyakokin da kowa ya gada ya kuma sani da ido suka ɓace ɗungum. Waɗansu manoma suka yi damina fiye da ɗaya ba su sa garma a ƙasa ba.

Da aka zo biyan diyya da mayar da gonaki, nan ne kuka ya tashi: wa aka rubuta, wa aka tsallake, gonarsa kadada nawa ce, itatuwa nawa ne a cikinta. Mutumin da shaidarsa ita ce tsamiyar da ke kan iyaka, ga shi an sare tsamiyar, da me zai kafa hujja? Manoma suka tare hanyoyin aiki, magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, har a watan Afrilu na 1980 aka aiko da 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka yi kashe-kashe a Birnin Tudu da kewaye. Gwamnati ta ce mutanen da suka mutu ashirin da 'yan kai ne, waɗanda suka bincika daga baya kuwa suka ce ɗaruruwa ne.

Diyyar Gwamnati ce aka yi wannan rikici a kanta, kamfanin inshora bai shiga ciki ba. Amma cutar iri ɗaya ce. Mai biyan diyya, Gwamnati ne ko kamfani, ba ya duban yawan hawayen mutum, littafinsa ya ke dubawa. Har ma mu kan ce kamfani ya fi tsanani, domin ita Gwamnati a kan yi mata kuka ta sassauta saboda siyasa, shi kuwa kamfani takardar da ka sa wa hannu ita zai buɗe maka.

Masifar Da Ta Fi Kusa Ita A Kan Cire

Takardar inshorar gobara ta yau da kullum abubuwa uku ta ke ɗauka: gobara, da tsawa, da fashewar irin tukunyar gas ta girki. Ambaliya, da guguwa mai yaye kwano, da ɓarnar masu tarzoma, duk waɗannan sai mutum ya nemi a ƙara masa su da sunansu, ya kuma ƙara kuɗin zubi. Mutane da yawa su kan ji an ce gida yana da inshora su ɗauka kome ya same shi an biya ke nan, alhali kuwa in ruwa ne ya ci shi, kuma kalmar ambaliya ba ta cikin takarda, ko sisi ba zai fito ba.

To, ga mutanen da ke zaune a bakin gulbi da gefen hanyoyin ruwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sunan Tsibiri ma kansa ya isa ya tuna wa mutum da ruwa. A watan Satumba na 2010 ruwan Gulbin Rima ya yi ɓarna mai yawa daga Goronyo har Sakkwato, ya yanke hanyar da ke zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2012 ambaliya ta raba mutane fiye da miliyan 2 da gidajensu a faɗin Nijeriya. A daminar 2024 ruwa ya shiga Gummi a nan Jihar Zamfara, a watan Satumba na shekarar kuma madatsar Alau ta ɓalle ta malale Maiduguri. Kamfanoni sun san wannan lissafi sarai. Gidan da ke cikin fadama, ko za su karɓe shi, kuɗinsa zai fi na wanda ke kan tudu. Ginin ƙasa da rufin ciyawa kuma ba kowane kamfani ya ke son ɗaukarsa ba, domin ruwa ya kwana biyu a gindin katangar ƙasa ya ishe ta, jinka kuwa tartsatsi ɗaya ya ke jira.

Maganar 'yan bindiga ta fi wannan ɗaure kai. Kusan kowace takardar inshorar dukiya tana da sakin layi mai cewa kamfani ba ya ɗaukar hasarar yaƙi, ko tawaye, ko ta'addanci. In ɓarawo ya fasa ƙofa da dare ya kwashe kaya, wannan sata ce, tana da tata inshora dabam, wadda ita ma sharaɗinta shi ne a ga alamar an shiga da ƙarfi. In kuwa mutum hamsin suka zo a kan babura suka ƙone rabin gari, me za a kira shi? Mai gida zai ce gobara ce, tun da wuta ce ta ci gidansa. Kamfani yana iya cewa ta'addanci ne, musamman tun da Gwamnatin Tarayya da kanta ta ayyana waɗannan mutane a matsayin 'yan ta'adda a farkon 2022. Akwai kuma wani sharaɗi da ba a cika lura da shi ba: gidan da aka bari ba kowa har tsawon waɗansu kwanaki, sau da yawa talatin a kan rubuta, alkawarinsa yana iya dakatawa in ba a sanar da kamfani ba. Mutumin da ya kwashe iyalinsa ya gudu Talatar Mafara ko Gusau don ya tsira da ransa, ina ya ga natsuwar rubuta wa kamfani wasiƙa? Mu a ganinmu, duk wanda wakilin kamfani ya zo masa a wannan yanki, tambayar farko da zai yi ke nan, kuma kada ya yarda da amsar baki, a rubuta masa.

Abin da ya sa wannan ya dame mu shi ne, a daidai wurin da kamfani ya ke janye hannu, a nan ne taimakon gargajiya shi ma ya ke kasawa. Tun kaka da kakanni in gobara ta ci gidan mutum, kafin toka ta huce an zo jaje, wannan ya kawo damin gero, wancan ya kawo azara, matasa su yi gayya su ɗora jinka, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukarta. Wannan tsari yana da kyau ƙwarai, ba shi da takarda, ba shi da mai cin riba, kuma bai taɓa tambayar mutum rasit ba. Amma ƙarfinsa yana ga cewa gida ɗaya ne ya ƙone, saura suna tsaye. Ran da ruwa ya shafe unguwa duka, ko aka ƙone rumbunan gari gaba ɗaya, mai kawo gudummawa shi ma neman gudummawa ya ke yi. Abin da inshora ta fi gayya da shi ke nan, tana haɗa kuɗin mutumin Tsibiri da na mutumin Ibadan da na Fatakwal, waɗanda ruwa ɗaya ba zai ci su rana ɗaya ba. Sai ga shi kuma irin wannan hasara ce ta fi wuyar shiga takarda.

Lissafin Daraja

A ce yanzu an daidaita a kan masifun da za a ɗauka. Saura nawa za a rubuta. A nan ne masu neman sauƙi su ke cutar kansu ba su sani ba. Kuɗin zubi yana bin darajar da aka rubuta, don haka mutum ya kan rage daraja don zubi ya yi masa sauƙi, yana cewa a ransa ai da wuya gidan ya ƙone duka. To, ga yadda kamfani ya ke lissafi. A misali, gida zai ci naira miliyan 10 in za a sake gina shi, mai shi ya rubuta miliyan 5. Gobara ta tashi ta yi ɓarnar miliyan 4. Shi yana tsammanin za a ba shi miliyan 4 cif, tun da ba ta kai biyar ɗin da ya rubuta ba. Kamfani kuwa zai ce rabin gidan ka kawo mana, rabin ka riƙe wa kanka, saboda haka rabin ɓarnar za mu biya, watau miliyan 2. Daga ciki ma a kan cire wani ɗan kaso na farko da aka yi sharaɗi mai gida ne zai ɗauka.

Ko wanda ya rubuta gaskiya yana iya faɗawa wannan rami in ya bar takardarsa ta tsufa. Daga 2023 zuwa 2024 kuɗin buhun siminti ya ninka, darajar naira ta faɗi, duk wanda ya ci gaba da sabunta takardarsa a kan lissafin da, ya koma mai rabin inshora yana barci. Ban da haka, in ba an rubuta cewa sabo za a mayar ba, ƙa'ida ita ce a biya darajar abu kamar yadda ya ke ran da ya ƙone, a cire tsufansa. Keken ɗinkin da ya shekara goma ba za a biya shi kuɗin sabo ba. Darajar fili kuma ba ta shiga lissafi sam, domin wuta ba ta cin ƙasa.

Sa'an nan akwai faɗin gaskiya tun farko. Wanda ya ke ajiye jarkokin fetur a zaure yana sayarwa, ko ya mai da ɗaki ɗaya wurin tara auduga ko buhunan shinkafa na kasuwa, in bai faɗa ba ran cika takarda, ya ba kamfani ƙofar fita, ko da wutar daga madafa ta tashi. Malamin da a ka kawo wa takarda ya cika, kada ya yi wa mai gida kara ya tsallake wannan tambaya. Karar nan ita za ta kashe shi daga baya. Haka nan kuma dokar 2003 ta ce in ba a biya kuɗin zubi ba, babu alkawari, hukumar NAICOM kuwa ta tsananta aiki da wannan tun daga watan Janairu na 2013. Saboda haka kada a danƙa wa wani dillali kuɗi ba tare da karɓar rasit ba.

Gidan Wa, Kayan Wa?

Mutum ba ya yi wa abin da ba nasa ba inshora, sai in yana da wani hakki a ciki wanda za a iya nunawa. A birni wannan ba ya ta da ƙura, amma a ƙauyukanmu yawancin gidaje na gado ne, ba a raba ba, wa da ƙane da 'ya'yan marigayi duk suna ciki, kowa da sashensa. In ɗaya daga cikinsu, ka ce malamin makaranta mai albashi, ya je ya yi wa gidan inshora da sunansa shi kaɗai, ran biya za a tambaye shi hujja, in ma an biya shi sauran magada za su tambaye shi rabonsu. Gara tun farko a rubuta sunayen masu hakki duka. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar zama bisa al'ada a wuraren da ba birni ba, kuma ita dokar ta ce in Gwamnati ta karɓe fili, abin da mutum ya kafa a kai a ke biya, kamar gini da shuka. Wannan takarda a ofishin da masu karatunmu da yawa su ke aiki a ke yinta, amma mutum nawa ne a ƙauye suka taɓa nemanta?

Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki ya kama haya shi ma ya sani, inshorar mai gida ba ta rufe kayansa ba, bango da rufi ta tsaya. Dokar 2003 ta wajabta inshora a kan gine-ginen da jama'a ke shiga, har da makarantu da asibitoci da gidajen haya, sabuwar dokar ma ba ta janye wannan ba. Sai dai babban nufinta shi ne a biya wanda ya ji rauni ko ya yi hasara a cikin ginin wani, ba lalle ne ta sake gina wa mai shi gininsa ba.

Ga kuma kayan ɗaki. A gidan Bahaushe gado da katifa da kabad da jeren kwanuka na matar ne, iyayenta suka yi mata, sau da yawa kuwa in an kimanta sun fi ɗakin da su ke ciki daraja. In gobara ta tashi ita ce ta fi kowa hasara, amma ita ce ba a kan tuna da ita ba ran rubutu. Ya kamata a tambayi kamfani ko takardar ta haɗa da kayan iyali, a kuma jera su ɗaki ɗaki. Zinariya da tsabar kuɗi su kam ba sa shiga sai an ambace su musamman. Amfanin gona da ke tsaye a fili da dabbobi kuma wata ƙofa ce dabam, wadda Gwamnati ta buɗe a 1987 da tsarin inshorar noma na NAIC, bisa cewa za ta riƙa ɗaukar wa manomi rabin kuɗin zubi a kan waɗansu irin amfanin gona. Hatsin da ya riga ya shiga rumbu kuwa, sai an tambaya a ji wace takarda ce ta ɗauke shi, kada ya faɗa tsakani.

Mun san da yawa daga masu karatu tun ɗazu wata tambaya ce ke ransu, watau ko abin ma ya halatta. Malamai sun daɗe suna magana a kai. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci yadda a ka saba yinta ba ta halatta ba, saboda garari da ke cikin cinikin, ta kuma yarda da ta taimakon juna. Ita ce a ke kira takaful: abin da kowa ya zuba gudummawa ce ga asusun jama'a, kamfani wakili ne mai karɓar ladan aiki, ba a juya kuɗin ta hanyar riba, in kuma an sami rara a ƙarshen shekara a kan mayar wa masu zubi wani abu. A Sudan aka fara kafa irin wannan kamfani a 1979. A Nijeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idodinsa a 2013, a 2016 ta ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi. Wannan ya warware wa mutane da yawa damuwar zuciya. Amma kada a ɗauka ya sauya lissafi. Takardar takaful ma tana da masifun da ta cire, tana da hukuncin wanda ya rage daraja, tana kuma neman hujja, dole ne ma ta nema, tun da dukiyar sauran masu zubi ce amana a hannunta.

Ran da abin ya auku, Allah ya kiyaye, gaggawa a ke so. A sanar da kamfani nan da nan, domin takarda tana da wa'adi. A nemi rahoton 'yan sanda, da na 'yan kwana-kwana in akwai su kusa. Kada a share toka ko a fara gyara kafin mai kimanta ɓarna ya zo ya gani, ko da ya ke mun san wannan yana da wuya ga mutumin da iyalinsa ke kwana a waje, kuma mai kimantawar daga nesa zai taso. In an ɗauki hoto da wayar hannu tun wuta ba ta gama hucewa ba, ya taimaka. In kamfani ya ƙi biya ko ya yi ta jan ƙafa, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, kuma rubuta mata ba ya bukatar lauya.

Abin da mai kimantawa zai fara nema shi ne jerin kayan da rasit ɗinsu. 'Yan kasuwar Sabon Gari ta Kano da wuta ta ci dubban shagunansu a watan Maris na 2016, da na babbar kasuwar Sakkwato a watan Janairu na 2021, sun san inda mai shago ya kan ajiye littafinsa: a cikin shagon. A gida ma haka ne, takardun suna cikin akwati a ƙarƙashin gado, a ɗakin da zai fara kamawa. Wanda zai yi jerin nan ya yi shi kofi biyu, mai unguwa ko wani dattijo ya sa hannu, a rubuta kwanan wata, sa'an nan a kai ɗaya wurin ɗan'uwa a wani gari wanda ba a bakin gulbi ɗaya su ke ba.